Labarin Sarkin Kano Alhaji Abdullahi Bayero, da Asalin Gidansu, da Ɗawainiyarsa ga Masu Neman Ilmi

Sarkin Kano Alhaji Abdullahi Bayero, Allah ya ji ƙansa, shi ne na goma cikin sarakunan Fulani na Kano. Ɗan Sarki Muhammadu Abbas ne, shi kuwa ɗan Sarki Abdullahi Maje Karofi, ɗan Sarki Ibrahim Dabo. An haife shi cikin 1881, ya ci sarauta cikin 1926, ya rasu cikin 1953, watau ya shekara 27 bisa gadon Dabo. Mutanen Kano Sarki Alhaji su ke ce masa, domin shi ne Sarkin Kano na fari da ya sauke faralin aikin Hajji yana bisa sarauta. Yawancin ofisoshin da ma'aikatan En'e ta Kano suka yi aiki a cikinsu, a zamaninsa aka kafa su, ko kuwa a zamaninsa suka tsaya da ƙafafunsu, haka kuma makarantun da suka horar da ma'aikatan. Amma ba a gane mutum sosai sai an san gidan da ya fito, saboda haka sai a fara daga tushe.

Gidansu Sulluɓawa ne, wata zuriya ta Fulani wadda asalinta daga yamma ya ke, wajen Futa Toro. Sun biyo gabas sannu sannu, waɗansu da shanu, waɗansu da littattafai, suka zazzauna ƙasar Hausa tun da daɗewa kafin jihadi. Waɗansu suka tsaya wajen Sakkwato, waɗansu ƙasar Katsina, waɗansu Zazzau, waɗansu suka shigo ƙasar Kano suka sauka kudu maso yamma da birni, wajen Kiru da Kanwa. Shi ya sa a ke ce wa Ibrahim Dabo Dabon Kanwa, don a rarrabe shi da Dabon Dambazau, kakan Sarkin Bai. Duk wanda ya bi hanyar Kiru yau ya ga gonaki da ƙauyuka, da wuya ya tuna daga nan ne gidan sarautar Kano ya taso.

Sa'ad da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira cikin 1804, labari ya zo Kano, sai malaman Fulani da waɗansu malaman Hausawa suka haɗa kai, suka fita suka taru a Kwazazzabo, yamma da birni. Kowace zuriya da shugabanta. Malam Jamo shi ne na Sulluɓawa, a hannunsa kuwa tuta ta ke. Malam Jibir na Yolawa, Malam Bakatsine na Joɓawa, Malam Dabo na Dambazawa, Malam Ɗan Zabuwa na Danejawa. Aka yi ta gwabzawa da Sarkin Kano Muhammadu Alwali, na ƙarshe cikin Kutumbawa, har aka karya shi a Ɗanyaya. Ya bar birni ya nufi Zazzau, bai sami wurin zama ba, ya komo ta Rano ya shiga Ɓurumɓurum, cikin ƙasar Tudun Wada ta yanzu, can aka cim masa aka kashe shi wajen 1807. Ashe kudancin Kano ya ga farkon gida ɗaya, ya kuma ga ƙarshen ɗaya.

Daga waɗannan malamai ne manyan gidajen sarautar Kano suka samo asali. Yolawa suka riƙe Madaki, Joɓawa suka riƙe Makama, Dambazawa suka riƙe Sarkin Bai, zuriyar Malam Jamo kuwa suka riƙe Sarkin Dawaki Mai Tuta. Su huɗun nan su ne aka sani da masu zaɓen sarki. Abin lura a nan shi ne, kakanninsu ba da gadon sarauta suka zo ba, da ilmi suka sami jama'a, da jama'a suka sami ƙasa. Wannan magana za ta sake tasowa nan gaba.

Ba Basulluɓe aka fara naɗawa ba. Malam Sulaimanu, limami ne mai tsoron Allah daga Munduɓawa, shi ya fara zama Sarkin Kano na Fulani, ya rasu cikin 1819. Sa'an nan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya naɗa Ibrahim Dabo, ɗan'uwan Malam Jamo. Naɗin nan bai yi wa kowa daɗi ba, ƙasa ta yamutse, garuruwa suka yi tawaye, Ɗan Tunku ya taso daga arewa. Dabo ya fita da kansa yana bin garuruwa ɗaya ɗaya har ya kwantar da su, ya gina ribaɗi a Fanisau da waɗansu wurare. Da ya ga ƙasa kamar Kano ba ta riƙuwa da wa'azi kaɗai, sai ya nemi izinin Sakkwato ya rayar da sarautun Haɓe na dā, ya naɗa 'ya'yansa da 'yan'uwansa, ya mayar da bayin sarki bisa muƙamansu. Shi ne ya ɗora gidan bisa harsashin da ya ke kai, ya rasu cikin 1846. 'Ya'yansa uku, Usmanu da Abdullahi da Bello, waɗanda Shekara ta haifa masa, suka ci sarauta bi da bi.

Abdullahi, kakan Sarki Alhaji, ya hau cikin 1855, ya daɗe ƙwarai, mutum ne mai zafi da tsare gida. A zamaninsa Ningawa suka matsa wa kudancin ƙasar Kano lamba, suna fitowa daga duwatsu su kai hari su kwashi mutane da dabbobi, har noma ya gagara a wurare da yawa na wajen Rano da Tudun Wada. Yawancin ƙarfin mulkinsa wajen tsaron wannan iyaka ya tafi. Ya rasu a Karofi cikin ƙasar Katsina yana kan hanyar Sakkwato, shi ya sa a ke ce masa Maje Karofi. Ya bar 'ya'ya masu yawan gaske, yawan nan kuwa shi ya zama fitina daga baya. Jikansa Bayero yana jariri sa'ad da ya rasu.

Da Sarki Bello ya rasu cikin 1893 aka naɗa ɗansa Tukur, sai 'ya'yan Abdullahi suka ƙi, suka fita birni bayan yayansu Yusufu suka tafi Takai. Wannan shi ne Basasa. Yusufu ya rasu ana cikin yaƙi, suka tsai da Aliyu Babba, suka ci birni cikin 1894. Abbas yana cikinsu, Aliyu ya naɗa shi Wambai. Bayero a lokacin yaro ne ɗan shekara 12 ko 13, ya ga yadda 'yan gida ɗaya suka karkashe juna saboda gadon sarauta. Masu ba da labarinsa sun yi ta ambaton haƙurinsa da ƙin hayaniya da ya yi duk tsawon ransa, mai hankali kuwa ba zai rasa ganin inda abin ya samo tushe ba.

Ba a cika shekara goma ba sai ga Turawa. Rundunar Kanar Morland ta taso daga Zariya a ƙarshen Janairu 1903, ta iske Bebeji ta rufe ƙofa, aka harba igwa aka fasa ƙofar, Sarkin Bebeji ya mutu a nan tare da waɗansu mutanensa. Ran 3 ga Fabrairu suka shiga Kano, Sarki Aliyu kuwa ba ya gari, ya tafi Sakkwato. Bayan karon Kwatarkwashi, Wambai Abbas ya komo da sauran jama'a, Gwamna Lugga ya tabbatar masa da sarauta. Aliyu aka kai shi Yola, daga nan Lakwaja, inda ya rasu cikin 1926, shekarar da ɗan ɗan'uwansa Bayero ya hau gado.

Karatun Bayero na allo ne da na littattafai, a gidan sarki ya yi shi wurin malaman fada. Ubansa ya naɗa shi Ciroma. A waɗannan shekaru ne Turawa suka yanka ƙasa gunduma gunduma, suka ce kowane hakimi ya bar birni ya koma ya zauna cikin ƙasarsa, abin da bai yi wa hakimai daɗi ba ko kaɗan, gama a dā jakadu su ke aikawa su karɓo musu haraji suna zaune a gida. Ciroma Bayero ya yi hakimci, daga baya ya zauna Bichi. A can ya koyi abin da ba a koya a fada, watau kiɗayar mutane da shanu, da yanka haraji da jangali, da rikicin gona tsakanin manomi da makiyayi, da halin dagatai da masu unguwa. Ya kuma lizimci malamai, suna zuwa wurinsa yana girmama su. Da Abbas ya rasu cikin 1919 mutane da yawa suka zaci shi za a ba, sai aka naɗa baffansa Usmanu, tsoho ne kuwa ba shi da cikakkiyar lafiya. Bayero ya yi mubaya'a ya koma ƙasarsa, ya jira shekara 7.

Sa'ad da ya hau cikin 1926, ya iske bayin sarki, su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama, sun yi ƙarfi ainun saboda rashin lafiyar marigayi, har ba a ganin sarki sai ta hannunsu. Aka rage musu iko, aka kafa majalisa ƙarama wadda kowane ɗan majalisa ya ke da aikin da ya ke lura da shi. Madaki ya riƙe al'amuran hakimai da gundumomi, Galadima ya riƙe birni, Waziri da Wali suka tsaya kan shari'a, Ma'aji yana Baitulmali. Wannan tsari shi ya haifi En'e irin wadda ma'aikata suka sani, mai ofis da akawu da albashi a ƙarshen wata da littafin kasafi kowace shekara.

Baitulmali kuwa ya riga shi, tun zamanin ubansa aka kafa shi. Harajin da aka tara a kan raba shi, da fari rabi na Gwamnati rabi na En'e, daga baya aka ƙara wa manyan Baitulmali kaso. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911 gyaɗa ta zama kuɗi, fatake irin su Alhassan Ɗantata, mutumin Bebeji, suka shiga saye suna kai wa kamfanoni, kuɗi ya yawaita a hannun manoma, haraji ya shigo da sauƙi. Ba wata En'e a Arewa da ta kai ta Kano wadata. Da wannan ajiya aka yi asibitin cikin birni, wanda yanzu a ke kira Asibitin Murtala, aka yi gidan ruwa da wuta a Challawa aka buɗe cikin 1931, aka jawo famfo har cikin unguwanni. Akwai kuma ma'aikatar buga littattafai, da ofishin awon ƙasa, da makarantar duba gari da aka buɗe cikin 1932. Duk waɗannan suna bukatar mutanen da suka iya rubutun boko da lissafi, ga shi kuwa ba su. Ofisoshi da yawa sai an ɗauko akawu daga Kudu ko daga Gwalkwas. Nan ne maganar makaranta ta zama dole.

Sai a tuna, sarakunan Arewa sun karɓi alkawari daga Turawa ba za a taɓa addininsu ba, saboda haka ba a bar 'yan mishan su buɗe makarantu cikin Musulmi ba yadda suka yi a Kudu. Alherin wannan a fili ya ke, amma yana da nauyi a bayansa, domin duk abin da mishan ta ɗauka a Kudu, a nan kan En'e ya faɗo. Ɗan Hausa, watau Hanns Vischer, ya buɗe makarantarsa a Nassarawa cikin 1909, da aji na 'ya'yan sarakuna, da na malamai, da na masu sana'a, aka watse ta wajen 1914 aka koma makarantun larduna. Kwalejin Katsina aka kafa ta cikin 1921 don horar da malaman makaranta. Amma mutane ba su so ba. In an ce wa hakimi ya kawo ɗa, sau da yawa sai ya ɓoye nasa ya aika da ɗan baransa ko ɗan wani talaka, iyaye mata suna kuka kamar an kai yaro yaƙi. Kuɗin makaranta kuwa ba wanda zai biya don abin da ya ke gudu.

To, saboda haka sai En'e ta ɗauki nauyin kome. Yaro in ya gama Elementare aka zaɓe shi zuwa makarantar lardi, wadda aka kafa cikin 1927 ta zama Midil, yanzu kuwa Kwalejin Rumfa, a can zai kwana, a ci da shi, a yi masa riga da wando, a ba shi littafi da alƙalami, har da 'yan kwabban kashewa. In ya ci jarrabawa ya wuce Kwalejin Katsina, wadda ta koma Kaduna cikin 1938, ta kuma koma Zariya cikin 1949. Abin da a ke bukata gare shi kurum ya komo ya yi wa ƙasarsa aiki. Kalmar sukolashif ba ta shigo bakin mutane ba tukuna, amma abin da a ke yi ke nan. Sarki ya san magana ba ta isa ta kawar da tsoro, sai ya sa 'ya'yansa a ciki. Ɗansa Ado, wanda aka haifa cikin 1930, Midil ta Kano ya yi tare da 'ya'yan talakawa. Cikin 1930 kuma aka buɗe wa 'yan mata makaranta a Kano, ɗalibanta na fari daga gidan sarki da gidajen hakimai aka ɗebo su, abin da ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne a wancan zamani.

Amma inda zuciyarsa ta fi karkata shi ne ilmin shari'a. A dā alƙali a zauren ubansa ko na malaminsa ya ke koyon fiƙihu, alƙalanci kuwa kusan gado ne na waɗansu gidaje. Mai ilmi ya kan fito, marar ilmi ma ya kan gada, talaka kuwa shi ke shan wuyar bambancin. Cikin 1928, da taimakon amininsa Wali Sulaimanu, aka buɗe makarantar shari'a a Shahuci, inda a ke karantar da littattafan Malikiyya bisa tsari, da aji da lokaci da jarrabawa, a haɗa da lissafi da rubutun boko. Malamai da yawa na birni suka yi gunaguni, suna ganin an kawo bidi'a cikin karatu. Sarki bai yi jayayya da su ba, bai kuwa fasa ba.

Cikin 1934 abin ya girma. Aka buɗe Makarantar Shari'a ta Lardunan Arewa a Kano, En'e-En'e na Arewa suka haɗa kuɗinta, kowace ta aiko da ɗalibanta tana ɗauke da nauyinsu. Malamai daga Sudan aka ɗauko su, waɗanda suka yi karatu a Kwalejin Gordon ta Hartum, babbansu Shehu Bashir al-Rayyah. Hikimar wannan ita ce, su Malikawa ne kamar mutanen nan, Larabci harshensu ne, ba mai iya ce musu ba su san addini ba, ga shi kuwa sun saba da allon bango da teburi. Ta hannunsu malaman ƙasar nan suka ga ashe ana iya haɗa abu biyun. Cikin 1947 Gwamnati ta karɓi makarantar, aka sake mata suna Makarantar Nazarin Larabci. Cikin waɗanda suka fito daga cikinta akwai Malam Abubakar Gumi, wanda ya zo daga Lardin Sakkwato ya gama cikin 1947, ya zama Alƙalin Alƙalan Arewa cikin 1962. Da wuya a sami kotun alƙali a Arewa a shekarun da suka biyo baya wadda ba ɗalibin wannan makaranta a ciki, ko alƙali, ko muhuti, ko magatakarda.

A shekarar nan ta 1934 Sarki ya tafi Ingila tare da Sarkin Musulmi Hasan da Sarkin Gwandu Usmanu, suka gana da Sarkin Ingila Joji na Biyar, suka zazzaga suka ga ma'aikatu da makarantu. Cikin 1937 ya tafi Hajji, Wali Sulaimanu yana tare da shi. A wannan tafiya ya sadu da Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha, ya gayyace shi Kano, daga nan ne zumuncin nan na Tijjaniyya tsakanin Kano da Senegal ya ƙullu, wanda har yau bai yanke ba. Ya sake komawa Hajji cikin 1951, a jirgin sama wannan karon, a shekarar ce kuma aka buɗe sabon Masallacin Jumma'a na birni wanda ya sa aka gina a gurbin tsohon.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai ƙofar Ingila ta buɗe wa ɗalibai. Cikin 1945 Gwamnati ta aika da malaman makaranta huɗu na Arewa zuwa Jami'ar London su koyi aikin koyarwa, su ne Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Malam Yahaya Gusau, da Malam Abdurrahman Mora, da Malam Bello Kano. Cikin 1946 aka aika da waɗansu, cikinsu har da Malam Aminu Kano. Shi Malam Aminu ɗan gidan malamai ne na Genawa, ubansa Malam Yusufu muhuti ne a kotun Alƙalin Kano, ya bi ta Shahuci da Midil ta Kano, ya gama Kwalejin Kaduna cikin 1942. Da ya komo bai ɓoye ra'ayinsa ba game da mulkin En'e, da haraji, da aikin tilas, da yadda hakimai su ke yi da talakawa. Ran 8 ga Agusta 1950 aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, ba da daɗewa ba ya zama shugabanta. Ma'aikatan En'e na lokacin da yawa sun ɗauki wannan butulci ne, suna cewa an yi kiwon ɗan zaki. Amma in an duba da idon basira, kakannin masu sarauta ma malamai ne da suka yi karatu suka ga abin da ba daidai ba suka faɗa. Wanda ya buɗe makaranta ba shi da ikon zaɓen abin da ɗalibi zai gani in idonsa ya buɗe. An kama 'yan NEPU da yawa an ɗaure a kotunan En'e a shekarun nan da na bayansu, wannan kuwa yana cikin tarihin En'e kamar yadda famfo da asibiti su ke ciki.

Ga kuma wani misali ta ɗaya gefen. Yusufu Maitama Sule, wanda aka haifa cikin 1929, ubansa baran gidan Madaki ne. Madaki Mahmudu ya sa shi makarantar Shahuci cikin 1937, ya wuce Midil, ya wuce Kwalejin Kaduna, ya komo ya koyar a Midil ɗin da ta koyar da shi. Ya zama ministan Tarayya cikin 1959, ya wakilci Nijeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya, a gida kuma aka naɗa shi Ɗan Masanin Kano, ya zauna a fada cikin 'ya'yan gidajen jihadi. Ba shi kaɗai ba ne. Yaran nan da aka tura makaranta a madadin 'ya'yan iyayengijinsu, da yawansu suka komo suka zama su ke sa hannu a takardar albashin waɗanda aka ɓoye. Hakiman da suka gane haka da wuri suka gyara, waɗanda suka makara kuwa gidajensu suka yi baya.

Duk da haka akwai abin da ba a cika faɗa ba. Kuɗin da ya ciyar da ɗalibin Midil, ya biya malaman Sudan, ya jawo ruwa daga Challawa, harajin manomin Kiru ne da na Bebeji, da jangalin Fulanin da ke kiwo wajen Tudun Wada da dajin Kogin Kano, wanda yanzu a ke kira Falgore. Har a shekarun da farashin gyaɗa ya faɗi warwas bayan 1929 ba su fasa biya ba, ko da an sayar da akuya ko an taɓa hatsin rumbu. Amma manyan makarantu duk a birni su ke. Gunduma guda mai dubban gidaje sai ka iske Elementare ɗaya tak a garin hakimi, yaron da ke Riruwai ko wani ƙauye na bayan duwatsu kuwa bai ma san ana yi ba. Waɗanda suka biya sun fi waɗanda suka mora yawa nesa ba kusa ba. Ba za a ɗora wa Sarki wannan shi kaɗai ba, gama Razdan ke duba kasafi, Turawa kuwa ba su yi gaggawar yawaita 'yan boko a Arewa ba don abin da suka gani a Ikko, iyaye kuma ba su kawo 'ya'ya ba. Amma giɓin ya tabbata, ƙauyukan kudancin Kano sun daɗe suna ɗauke da shi bayan En'e ta shuɗe.

A ƙarshen ransa tsufa ya kama shi, yawancin al'amura suka koma hannun babban ɗansa, Ciroma Muhammadu Sanusi. Ya zauna a Majalisar Sarakuna ta Kaduna tun da aka kafa ta bayan tsarin mulkin Gwamna Richards, amma siyasar jam'iyyu ba tasa ba ce, ya fi son zama da malamai da karatu da wuridi. Cikin Mayu 1953 aka yi tarzomar nan ta Kano tsakanin mutanen gari da na Sabon Gari bisa maganar mulkin kai, aka yi asarar rayuka. Bai daɗe bayanta ba, ya rasu ran 23 ga Disamba 1953, aka rufe shi a Nassarawa.

'Ya'yansa biyu suka ci sarauta, Muhammadu Sanusi wanda ya gaje shi ya sauka cikin 1963, da Ado Bayero wanda ya hau cikin 1963 bayan gajeren mulkin baffansu Muhammadu Inuwa, ya shekara 51 har 2014. En'e kuwa aka karɓe mata 'yan doka da kotuna da gidajen yari a ƙarshen shekarun 1960, cikin 1976 aka maye gurbinta da ƙananan hukumomi. Cikin 1960 aka buɗe wani sashe na karatu mai zurfi a cikin Makarantar Nazarin Larabci, aka sa masa suna Kwalejin Ahmadu Bello. Da aka kafa jami'a a Zariya cikin 1962 ta ɗauki sunan Sardauna, sai aka mayar da ta Kano Kwalejin Abdullahi Bayero, cikin 1977 kuma ta zama jami'a mai cin gashin kanta, ita ce Jami'ar Bayero.